Zanen dodon teku na Standard Oil: me yake nufi, kuma shi ne ya karya kamfanin?

Ƙanena ka tambaye ni kan wancan tsohon zanen da ka gani, tankin mai da idanu da dogayen hannuwa ya nannaɗe gine-ginen gwamnatin Amurka, kace me yake nufi, kuma wai da gaske ne irin waɗannan zanen barkwancin ne suka karya manyan kamfanonin da suka yi babakere a can? Toh bari in ɗan ja maka zancen, don tarihin jarida nake koyarwa, kuma duk ajin da na haska wa hoton nan sai an samu mai irin tambayarka.

Zanen ya fito ne a mujallar Puck ta birnin New York ranar 7 ga Satumba 1904, Udo Keppler ne ya zana shi. Dabbar da ka gani wata halittar teku ce mai hannu takwas, Turawa na ce mata oktofus, mu da ba mu da teku ni dai dodon teku nake ce mata a aji. Kan dodon tankin ajiye mai ne an rubuta Standard Oil a jiki, wato kamfanin John D. Rockefeller. Ka koma ka bi hannuwan ɗaya bayan ɗaya, za ka ga ya cafke masu harkar ƙarfe, da na tagulla, da na jiragen ruwa, wani hannun ya naɗe majalisar dokokin jiha, wani ya naɗe ginin majalisar tarayya da ke Washinton, sai hannu ɗaya da ya miƙe bai kai ga kamawa ba tukuna, shi kuma fadar White House ya nufa. A ƙasa kalma ɗaya ce tak aka rubuta, ma'anarta "sai na gaba". Kuma ka lura da kwanan watan, saura wata biyu a yi zaɓen shugaban ƙasa na Nuwamba 1904 wanda shugaba mai ci Theodore Roosevelt ke neman a zaɓe shi. Kenan mai zanen cewa yake wa mai zaɓe, komai ya tafi saura kujera ɗaya, wa za ka ɗora a kai?

Amma kafin ka gane dalilin da ya sa hoton ya yi tasiri dole ka san irin abin da ake ƙoƙarin zanawa, don a nan wahalar take. Rockefeller ya kafa Standard Oil a 1870 a garin Cleveland na jihar Ohayo, lokacin babu mota, kananzir na fitila shi ne kasuwar. Bai damu da haƙar rijiya ba da farko, matata ya kama da hanyar jigila. Sai ya je wa kamfanonin jirgin ƙasa yace ni ne mai kaya mafi yawa, ku min rangwame a ɓoye, suka yi. Bai tsaya nan ba, aka ƙulla wani tsari da har in abokin gogayyarsa ya biya kuɗin dakon ganga, ana yanko wani abu daga ciki a miƙa wa Standard. Ka ji fa, kai kana biyan kuɗin jirgi ashe kana tara wa mai son kashe ka jari. A farkon 1872 cikin ƴan makonni ya saye matatu 22 cikin 26 da ke gogayya da shi a Cleveland, wasu sun sayar ne don sun ga in ba su sayar yau ba gobe kyauta za su bayar. Zuwa wajen 1880 kusan kashi 90 cikin ɗari na man da ake tacewa a Amurka ta hannunsa yake bi.

Sai matsalar doka ta taso, don a lokacin kamfanin da ya yi rajista a jiha ɗaya ba shi da damar mallakar hannun jarin kamfanin wata jiha yadda ya ga dama. Lauyansu Samuel Dodd ya samo musu kafa a 1882. Masu hannun jari a kamfanoni wajen 40 suka miƙa takardunsu ga kwamitin amintattu na mutum 9, su kuma aka ba su wata takardar shaida da za su riƙa karɓar riba da ita. A takarda kamfanonin nan kowa zaman kansa yake, a zahiri mutum tara ne a ofis ɗaya ke juya su. Wannan shi ake kira tiros, asalin kalmar amana take nufi, daga baya ta zama sunan duk wani kamfani da ya haɗiye kasuwa. Masu sukari suka kwaikwaya, masu taba, masu barasa, masu gishiri, har masu igiya. Tsakanin 1895 da 1904 kamfanoni sama da 1,800 ne suka ɓace cikin irin wannan haɗakar. A 1901 J. P. Morgan ya saye kamfanin ƙarfe na Andrew Carnegie kan dala miliyan 480 ya haɗa da wasu ya kafa U.S. Steel mai jarin dala biliyan 1.4, kamfani na farko da ya haye biliyan.

Toh yanzu ka ɗauka kai ne mai zane, edita ya ce maka zuwa gobe ina son hoton wannan abin. Me za ka zana? Yarjejeniya ce a cikin durowa. Manomin da ke Kansas yana jin zafin abin a kuɗin dakon alkamarsa, mai kanti yana ji lokacin da aka karya farashin kananzir a unguwarsa har sai ya rufe sannan a maida shi sama, amma babu wanda ya taɓa ganin tiros da idonsa. Ba ka iya jin haushin abin da ba shi da fuska, ko ka ji ba ka san inda za ka kai shi ba. Aikin da masu zanen nan suka yi kenan a gani na, sun yi wa abin jiki. Kuma duk jikin da suka zaɓa masa akwai hujjar da ke ɓoye a ciki, shi ya sa nake hana ɗalibai su tsaya a dariya kawai.

Dodon tekun ma ba Udo ya fara shi ba. Tun 19 ga Agusta 1882 wata mujalla a San Francisco mai suna The Wasp ta buga zanen G. Frederick Keller inda kamfanin jirgin ƙasa na Southern Pacific ya zama wannan dodon, ya shaƙe manoman alkama da masu katako da masu haƙar ma'adinai na Kalifoniya, fuskokin masu kamfanin a cikin idanunsa. Me ya sa wannan dabbar ta dace? Kai ɗaya hannu da yawa, daidai da tsarin tiros. Ba ta farauta a fili kamar zaki, laɓewa take ta miƙo hannu, kuma in ta ji tsoro sai ta fesa baƙin ruwa ta ɓace a ciki, su kuma mutanen Standard sun shahara da ɓoye littattafan lissafi da kafa kamfanonin bogi da ke nuna kamar gogayya suke da su. Zaki ko an ƙi shi akwai kwarjini, wannan kuwa ƙyama kawai take jawowa. Hujjar da ke cikin hoton ita ce abin nan ba ya ƙoshi kuma ba a sulhu da shi, sai dai a sare hannuwan. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Mahaifin Udo, Joseph Keppler, haifaffen Biyana ne da ya yi ƙaura zuwa Amurka, shi ya kafa Puck, da Jamusanci ma ta fara fita kafin ta Turanci ta biyo a 1877. Shi ya yi zanen da nake ganin ya fi na ɗansa kaifi, ranar 23 ga Janairu 1889. Zauren majalisar dattawa ne, sanatoci ƴan ƙanana a kujerunsu kamar yaran firamare, a bayansu wasu ƙatti sun tsaya jere, jikin kowanne buhun kuɗi ne da doguwar hula a kai, an rubuta a tumbinsu, wannan na ƙarfe, wannan na tagulla, wannan na sukari, wannan na mai, wannan na kwal. Ƙofar da suke shigowa ta ciki a wangale take, can sama kuma wata ƴar ƙofa an rubuta mashigar jama'a, an danna mata sakata an ce a rufe take. A bango ya ɗauko maganar nan ta Abraham Lincoln ta gwamnatin jama'a da jama'a suka kafa don jama'a ya juya ta, ya cire jama'a ya sa ƴan babakere. Wannan ba ƙage ba ne tsagwaronsa, don a lokacin ba talakawa ke zaɓen sanata ba, ƴan majalisar jiha ne ke zaɓensa, kuma sayen mutum hamsin ya fi sayen jiha guda sauƙi. William Clark, attajirin tagulla na Montana, a 1899 kuɗi ya zuba wa ƴan majalisar jiharsa har abin ya yi wari ya sauka kafin a tsige shi, a 1901 kuma ya dawo ya zauna abinsa. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Ka ga a nan hujjar daban ce da ta dodon teku, ba girman kamfani ake kuka da shi ba, ƙofar ake kuka da ita. Kuma maganin da ya biyo baya na ƙofa ne, a 1913 aka yi wa tsarin mulki gyara na 17 aka maida zaɓen sanatoci hannun jama'a kai tsaye.

Akwai kuma na Horace Taylor a mujallar The Verdict a Janairun 1900, Rockefeller ƙato ya ɗora White House a tafin hannunsa yana leƙa ta kamar wanda ya tsinci ƙwaro, yana mamakin wannan ƴar ƙaramar gwamnati mai ban dariya, a bayansa ginin majalisa ya koma matatar mai hayaƙi na tashi. Wannan raini yake nunawa zalla.

Wanda ya fi ba ni dariya har yau shi ne Frederick Opper da ke zana wa jaridar William Randolph Hearst. A zaɓen 1900 ya yi jerin zane inda shugaba William McKinley ya zama ƙaramin yaro Willie, babansa wani ƙaton mai teɓa da ake kira tiros, mai rainonsa kuma Sanata Mark Hanna sanye da kayan ƴar aiki, sai Roosevelt wanda ke takarar mataimaki ya zama yaron maƙwabta mai haƙora da surutu da ke hana Willie sakat. A 1902 ya bi haruffan abacada, kowane harafi da tiros ɗinsa, kowanne yana lallasa wani ɗan tsurut ɗin mutum mai tabarau da ya sa wa suna talaka. Ƙattin Opper kullum cikin fara'a suke, suna dariya suna tattaka mutum, kuma wannan ya fi fushi ciwo, don yana nuna maka ko a jikinsu. Zaman kashin dankali kenan, na sama bai ma san yana danne wani ba. Abokin aikinsa Homer Davenport shi bai da wasa, tun zaɓen 1896 ya ɗinka wa Hanna kwat da alamar dala a ko'ina, tiros kuma ya zana shi wani basamuden gardi mai gemu rabin tsirara da bulala. Hanna bai rabu da kwat ɗin nan ba har ya mutu. In ka san yadda zambon makaɗan fada yake, a kama abu ɗaya a jikin mutum a liƙa masa har ya fi sunansa tafiya, toh shi ne wannan, sai dai da alƙalami.

Wani abin lura, Rockefeller siriri ne, ba ya shan giya ba ya shan taba, mai zuwa coci ne, wajen 1901 ma wata cuta ta zubar masa da gashi kaf har gira. Bai yi kama da buhun kuɗi ko kaɗan ba. Shi ya sa in za a zana tsarin sai a yi mai tumbi, in za a zana shi kansa sai a koma kan maciji ko sarki da kambi. Morgan kuwa hancinsa da wata cuta ta kumbura ya isa. Kuma wani lokacin su da kansu suke ba masu zane abin yi. Ɗan Rockefeller ya yi wata lacca a 1902 yana kare manyan kamfanoni, ya kawo misalin cewa ba a samun furen wardi babba mai kyau sai an tsinke ƙananan tohon da ke kewaye da shi. Ai kuwa sai ga zanen Rockefeller da almakashi, fure ɗaya ƙato a sama, ƙananan ƴan kasuwa zube a ƙasa an datse su.

Yanzu ga rabin tambayarka na biyu, shin zanen ne ya karya su? Gajeriyar amsa a'a, amma kar ka yi saurin tafiya da ita.

Doka tana nan tun 1890, dokar Sherman, shekara ɗaya da rabi bayan zanen buhunan kuɗi, ta wuce majalisar dattawa da ƙuri'a 51 da 1. Sai dai ta yi shekara goma kusan a kwance. A 1895 Kotun Ƙoli ta duba kamfanin sukari da ke riƙe da kashi 98 na tacewa a ƙasar tace wai sarrafa kaya daban ciniki tsakanin jihohi daban, don haka dokar ba ta hau kansa ba. Abin haushin ma a shekarun nan an fi samun nasarar amfani da ita kan ƙungiyoyin ƙwadago masu yajin aiki. Standard kuwa da kotun Ohayo ta ce a warware tiros ɗin a 1892, sai suka ja ƙafa, a 1899 suka tattara suka koma jihar New Jersey wadda ta sassauta dokarta, aka canja suna aka ci gaba da gashi.

Abin da ya kawo hujjar da kotu za ta iya riƙewa rubutu ne. Ida Tarbell, wadda ta tashi a yankin rijiyoyin mai na Fensilbaniya kuma ta ga yadda tsarin rangwamen jirgin ƙasa na 1872 ya gurgunta sana'ar mahaifinta, ta bi takardun kotu da na binciken majalisu ta rubuta tarihin kamfanin a mujallar McClure's kashi 19 daga Nuwamba 1902 zuwa 1904. Ita ta nuna da takarda yadda ma'aikatan jirgin ƙasa ke kai wa Standard rahoton kayan abokan gogayya, wa ya aika ganga nawa zuwa ina. Zanen Udo ya fito ne daidai lokacin da jerin nata ke ƙarewa. Sai ofishin binciken kamfanoni da Roosevelt ya kafa a 1903 ya fitar da nasa rahoton, gwamnati ta shigar da ƙara a Nuwamba 1906, ranar 15 ga Mayu 1911 Kotun Ƙoli ta ce a raba Standard Oil, aka yanka shi kamfani 34. Sati biyu bayan nan na taba ma ya bi sahu. A 1914 aka ƙara dokar Clayton aka kafa hukumar kula da ciniki ta tarayya.

Toh ina zane a cikin wannan? Mutum nawa ne za su zauna su karanta kashi 19 na lissafin kuɗin dakon ganga? Amurka ta lokacin cike take da baƙin haure, miliyoyi ba su iya karanta Turanci ba amma suna zaɓe ko ƴaƴansu na yi. Puck kwabonsu goma ce, da launi, ana barinta a shagon aski ta yi sati tana yawo hannu zuwa hannu, jaridun Hearst da na Joseph Pulitzer kuma kwabo ɗaya, kullum da zane. Shekara ashirin ana cusa wa mutane hoto ɗaya har ya zama in ɗan siyasa ya tashi kare tiros, kafin ya buɗe baki mai sauraro ya riga ya ga buhun kuɗi a bayansa. Wannan shi ya sa shari'ar ta zama abin da ɗan siyasa zai ci riba da shi maimakon ya ji tsoro. Tarbell ta kawo shaida, lauyoyi suka kai kotu, masu zane kuma su suka tara taron da ya sa ba a isa a binne maganar ba.

In kana son shaidar cewa abin na cizo, dubi yadda aka yi ta neman hana shi. A 1897 ƴan siyasar New York suka kawo ƙudirin hana buga zanen mutum ba da izininsa ba, bai wuce ba. Kalifoniya ta yi irin dokar a 1899. Na Fensilbaniya ya fi ban dariya, wani mai zane Charles Nelan ya dinga zana gwamna Samuel Pennypacker a matsayin aku mai maimaita abin da ubangidansa ya faɗa, sai a 1903 wani ɗan majalisa ya kawo ƙudirin hana zana mutum a siffar dabba ko tsuntsu ko kifi ko ƙwaro. Masu zane suka ce toh ba komai, suka koma zana su a siffar kayan lambu da kofin giya, tunda ba a hana wannan ba. Dokar ɓata suna da gwamnan ya sa wa hannu a shekarar ba ta yi ƙarko ba, a 1907 aka soke ta.

Amma fa kar ka ɗauki masu zanen nan waliyyai, a nan ne nake yawan saɓawa da ɗalibaina. Puck ta fi karkata ga jam'iyyar Dimokurat, kishiyarta Judge ta Rifablikan ce, kuma rigimar tiros a wurin Puck rabinta rigimar harajin kwastan ce, don Rifablikan ke son a tsuga haraji kan kayan waje. Suna da hujja kam, tunda Henry Havemeyer na kamfanin sukari da bakinsa ya faɗa wa wani kwamitin bincike a 1899 cewa harajin kwastan shi ne uwar duk wani tiros. Hearst da ke biyan Opper da Davenport albashi mai tsoka, shi kansa ɗan attajirin ma'adinai ne, yana tara jaridu kamar yadda wasu ke tara matatu, kuma kujerar shugaban ƙasa yake hari. Davenport ɗin nan da ya yi wa Rifablikan tsirara a 1896, a 1904 ya bar Hearst ya zana wa Roosevelt hoton kamfen da aka buga ko'ina. Roosevelt kuma ya iya cin moriyar hoto fiye da kowa. A 1906 Puck ta zana shi jariri yana shaƙe macizai biyu, ɗaya mai kan Rockefeller, alhali shi bai taɓa cewa a kashe duk tiros ba, cewa yake akwai nagari akwai mugu, Clifford Berryman ma ya zana shi da bindiga ya taka mushen dabbar beyar da aka rubuta wa mugu, ya ɗaure ɗayan da igiya. Kwamitin kamfen ɗinsa na 1904, zaɓen nan dai da dodon ke miƙa hannu, ya karɓi gudummawa mai yawa daga manyan Standard Oil. Kuma William Taft da ya gaje shi ya shigar da ƙararrakin da suka kusa ninka nasa cikin shekara huɗu, amma shi mai ƙiba ne mai sanyin jiki, bai zanu a matsayin jarumi ba, sai sunan ya tafi wa Roosevelt.

Sai abin da hoton dodon ya ɓoye. Kananzir ya yi arha sosai a zamanin Standard, galan da ake saya sama da kwabonsu 25 wajen 1870 ya faɗo ƙasa da 10 kafin ƙarshen ƙarnin, talaka da yawa a lokacin ya fara kwana da fitila. Masu kare kamfanin har gobe da wannan suke kafa hujja, masu suka kuma su ce arhar ba ta wanke hanyar da aka bi ba, ni ina tare da na biyun amma dole a faɗi na farkon. Kuma lokacin da ake zana shi yana shirin haɗiye White House, a kasuwa ya fara sassautawa, don an samu mai a Texas a 1901, Gulf da Texaco suka taso, kafin hukuncin 1911 kasonsa na tacewa ya sauko wajen kashi biyu cikin uku.

Ka tuna na ce ka riƙe maganar sare hannuwa? Da aka raba kamfanin gida 34, kowane mai hannun jari sai aka ba shi kasonsa a cikin kowane ɗaya daga cikin 34 ɗin. Rockefeller na da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsohon, sai ya wayi gari da kashi ɗaya cikin huɗu na dukkansu. Ga mota ta shigo, fetur ya fara wuce kananzir a kasuwa, ga littattafan da aka daɗe ana ɓoyewa sun fito an ga ashe dukiyar ta fi yadda ake zato, hannun jarin ya yi tashin gwauron zabi. Gaba ta kai shi, gobarar Titi. Zuwa 1916 jaridu na kiransa mutum na farko da ya mallaki dala biliyan ɗaya. An kashe maciji ba a sare kansa ba, kuma hoton da ya koya wa mutane cewa matsalar hannuwa ce bai shirya su ga wannan ba. Gogayya ta gaske tsakanin kamfanonin 34 ɗin ta zo, amma a hankali cikin shekaru. Na New Jersey ya zama Esso sannan Exxon, na New York ya zama Mobil, na Kalifoniya ya zama Chevron, wato gidan man Mobil da ka taso kana gani a bakin titi jikan dodon nan ne, kuma a 1999 Exxon da Mobil suka sake haɗewa.

Wani abu kuma da ba na tsallakewa in ina koyar da wannan, siffar kai ɗaya a ɓoye da hannuwa ko'ina ba ta tambayar wa za a ɗora mata. Tun shekarun 1890 an riga an zana ta da sunan wani gidan bankin Yahudawa ta naɗe duniya, daga baya ƴan Nazi suka ɗauke ta suka yi aikin da ka sani da ita. A kan Standard akwai takardun kotu da ke bayan hoton, a can babu komai sai ƙiyayya, amma a ido zanen iri ɗaya ne, yana shiga rai da sauri iri ɗaya.

Su ma attajiran sun koyi darasin daga baya. A 20 ga Afrilu 1914 sojojin jiha da masu gadin kamfani suka far wa sansanin ƴan haƙar kwal masu yajin aiki a Ludlow ta jihar Kolorado, kamfanin da ake yi wa yajin na gidan Rockefeller ne, aka samu gawar mata 2 da yara 11 a wani rami ƙarƙashin tantin da ya ƙone. Mujallar ƴan gurguzu The Masses ta sa zanen John Sloan a bangonta, babu dodo babu buhun kuɗi, mahaƙi ne kawai riƙe da gawar yarinya a hannu ɗaya bindiga a ɗayan. Bayan nan ne gidan suka ɗauko Ivy Lee, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara sana'ar gyara sunan kamfani a idon jama'a. A lokacin kuma ɗaukar hoto ya riga ya fara ture zane a jaridu, Puck kanta ta rufe a 1918. Hoton Rockefeller da ƴan shekarun 1920 suka taso da shi na wani tsoho ne siriri da hular gashi a filin wasan golf, yana zaro sabon sulai daga aljihu yana miƙa wa yara, masu kyamara na biye da shi. Ya rasu a 1937 yana da shekara 97.